Kafin Ki Tura Kuɗin Shiga Guruf Ɗin Rage Ƙiba

Ni tela ce, ina ɗinki a cikin gida a bayan Ƙofar Marusa a Katsina, kuma littafin awona ya haura shekara goma sha biyar. Duk matar da na taɓa yi wa ɗinki tana da shafinta: kafaɗa, ƙirji, ciki, hannu, tsawon siket. In an kawo sabon yadi nakan sake awo, in soke tsohon adadi in rubuta sabo a gefensa. Ta haka na san abin da wasu ba su faɗa wa ko mazajensu. Na san wadda cikinta ya sauka daga inci 42 zuwa 38 ana saura mako biyu bikin ƙanwarta, na kuma san ranar da ta kawo atamfar babbar salla muka auna ya koma 43, ta ce wai tef ɗina ne ya tsufa.

Ni ma ina da shafi a littafin. Sau biyu na biya kuɗi na shiga tsarin rage ƙiba, na farko ya ci kuɗina ya bar ni da zaryar bayan gida, na biyu ya amfane ni. Yanzu kusan kowane mako sai wata ta miƙo mani waya tana cewa, "Anti, duba wannan, kina ganin in shiga?" To ga amsar da nake bayarwa, a tsawace.

Kada ki fara da wayar. Fara da sikeli da tef da asibiti. Ki hau sikeli da safe kafin ki ci komai, ki auna tsawonki a jikin bango. Lissafin da likitoci ke yi ba wuya: ki ninka tsawonki a mita da kansa, ki raba nauyinki da abin da ya fito. Ni tsawona mita 1.62 ne, in an ninka ya ba da 2.62. Nauyina a lokacin kilo 96, da aka raba ya fito 36 da 'yan kai. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ke jawo ciwo. Sai awon ciki, wanda na fi yarda da shi don sana'ata ce. Ba a ɗaurin zane ake sa tef ba, a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu ake sawa, kina tsaye, kin saki numfashi, ba kin tsuke ciki kamar za a ɗauke ki hoto ba. Ga mace, in ya wuce santimita 80 an fara jan kunne, in ya wuce 88, wato kusan inci 35, maganar ta girma. Ga namiji 94 ne da 102.

Na nace kan wannan ne domin rabin masu tambayata ba su da ƙibar da za a rage. Wata yarinya da na yi wa ɗinkin aure ta zo bayan haihuwar fari, kilo 60, tsawonmu ɗaya, lissafinta bai kai 23 ba, tana neman dubu ashirin ta shiga guruf don teɓar da jego ya bar mata. Wannan ba ƙiba ba ce, fata ce da naman ciki da suka saki, kuma tana shayarwa. Na ce mata ta kai kuɗin kasuwa ta sayo kifi da ƙwai. Abin dariyar, 'yan shekarun baya irinsu ne ke shan "sha ka fashe" don su cika riga kafin biki. Kasuwa ɗaya ce, kayan ne aka sauya.

Daga nan sai asibiti, ko babban asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko ƙaramin na unguwa, a auna jininki da suganki. Ranar da na je, likitar ta duba katina ta ce, "Hajiya, ba na son ki koma kamar 'yar budurwa. Ki rage mani kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyinki, ki riƙe shi." Na lissafa, kilo biyar ne zuwa goma. Na ji kamar ta raina ni, ni da nake mafarkin zubar da talatin. Amma wannan ɗan adadin shi ne wanda aka tabbatar yana sauke hawan jini da suga, yana kuma sassauta wa gwiwa. Ƙanena mai aikin haɗa magunguna ya ba ni labarin wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, inda masu dab da kamuwa da ciwon suga aka sa su rage kusan kashi 7 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ki riƙe adadinki a zuci kafin ki saurari na mai talla, in ba haka ba nata zai zama naki.

In kina da ciki ko kina shayarwa, ki ajiye maganar gaba ɗaya. In kina shan maganin suga ko kina allurar insulin, ko kina da hawan jini, ciwon ƙoda ko olsa, kada ki sauya abinci sai da sanin likitanki, domin rage ci a kan maganin suga yana iya faɗar da sugan jini har mutum ya suma. Ki kuma faɗa wa likita duk maganin da kike sha, wasu magungunan da kansu ke sa ƙiba.

Yanzu sai guruf ɗin. Bari in ba ki labarin na farko, ki ga kamanninsa.

Ƙawata ce ta saka ni. Rajista dubu goma, sai aka ce tsarin ba ya aiki sai da shayinsu, fakiti dubu goma sha takwas na wata ɗaya. Alkawarin shi ne kilo goma a kwana talatin. Daren farko na sha bayan isha'i. Wajen ƙarfe uku cikina ya murɗa kamar ana matse wanki, kafin asuba na zaga sau huɗu, har maigidan ya tashi zaune ya ce, "Wai lafiya kuwa? Ko a tafi asibiti?" Da na rubuta a guruf, kocin ta turo tafi da murna, wai dattin ciki ne ke fita. A mako guda sikeli ya sauka da kilo uku. Na yi ta godiya. A mako na uku ina kan keken ɗinki jiri ya ɗebe ni, allura ta bi ta gefen farcena. Na kai wa ƙanena fakitin, ya farka ɗaya ya zazzage a tafin hannu, ya shinshina, ya yi dariya ya ce, "Yaya, filasko ne fa. Wanda ake sayarwa a kasuwa na ɗari biyu." Ganyen da kakanninmu ke jiƙa wa mai taurin ciki, shi aka sa wa kwali mai sheƙi. Abin da ya fita daga jikina ruwa ne, ba kitse ba. Ina daina sha, cikin kwana goma kilo ukun suka dawo gida.

Ya ce mani na ma yi sa'a. Akwai wani magani, sibutramine, da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin magunguna sun sha kama shi a ɓoye cikin shayi da kofin rage ƙiba da aka rubuta wa "na ganye zalla". In kin sha abu kika ji zuciya na dukan uku-uku, baki ya bushe, barci ya ƙaurace, ki dakata. Lambar NAFDAC kuwa ki duba ta, rashinta ya isa ki mayar da kaya, amma samunta a kan maganin ganye ba shaida ba ce cewa yana rage ƙiba. Ki juya kwalin, sau da yawa za ki ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance ikirarin da aka yi ba.

Don haka tambayar farko da za ki tura wa mai guruf ita ce: in ban sayi shayinku ko garinku ko ɗamararku ba, zan iya shiga? In ta ce a'a, ko ta fara kwana-kwana, to shago ne, ke kuma kwastoma. Ta biyu: kilo nawa zan rage a wata? Amsar mai gaskiya ita ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma wani makon ba za a ga komai ba. Makon farko yakan yi sauri a kowane tsari, saboda in an rage tuwo da shinkafa jiki yana sakin ruwan da ya riƙe. Zubewa da gaggawa kuma tana da nata sharrin, tana iya jawo tsakuwa a maɗaciya, gashi ya riƙa zuba. Ki tambaye ta a ina ta yi karatun abinci, ba takardar kos ɗin kwana uku ta intanet ba. Ki lura ko ita ta tambaye ki wani abu: shekarunki, magungunanki, ko kina goyo. Wadda ta turo lambar asusu kafin ta tambayi lafiyarki ta riga ta faɗa maki abin da ya dame ta.

Hotunan "da" da "yanzu" kuwa, ki bar ni da su. Ni da nake ɗinka rigar da ke ɓoye teɓa na san yadda ake cire inci huɗu cikin minti biyar: ɗamara a ciki, yadi mai duhu, a tsaya a karkace, a ɗaga waya sama. Abin da za ki nema shi ne a haɗa ki da wadda ta gama tsarin shekara guda da ta wuce, ki ji inda take yau. Ki kuma tambaya me ake yi da hoton da ake sa mambobi su turo. Na san matar aure da ta ga cikinta a buɗe a status ɗin koci, an rufe fuska kawai, amma dangin miji suka gane labulen ɗakinta.

Inda na fi so ki daɗe kina tunani shi ne tukunya. A gidana mu tara ne, tukunya ɗaya. Jadawalin da guruf na farko ya turo mani ya ce da safe ots da tuffa, da rana ƙirjin kaza da salak, da dare yogot marar suga. Na yi kwana biyar ina girki biyu, ina cin abin da kuɗinsa ya kusa na cefanen gidan duka, yara na leƙen kwanona, ni ina haɗiyar yawu a kan tuwonsu. Ranar ta shida na tashi tsakar dare na ɗumama sauran tuwon masara da miyar kuka na cinye a tsaye a kicin.

Na biyun wata ma'aikaciyar asibiti ce mai karatun abinci take gudanar da shi a falon gidanta, duk Asabar bayan la'asar, mu goma sha biyu, dubu shida a wata, ba ta sayar da komai. Ranar farko ba ta ba ni jadawali ba. Ta ce in rubuta duk abin da ya shiga bakina na mako guda, har ɗanɗanon miya da ragowar kwanon auta. Da na kawo takardar ta sa jan biro a wuri uku: lemon kwalba biyu da nake sha kullum a bakin keke, kowace babbar roba da sukarin da ya haura cokalin shayi goma, man gyaɗan da nake tuttulawa daga galan ba awo, alhali cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120, sai furar dare mai suga bayan na riga na ci tuwo. Ba ta hana ni tuwo ba. Ta ce malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta yi yawa, ganye ya yi yawa. Kwaɗon zogale, tafasa, rama, kabeji, wake, awara in ba a tsoma ta a mai ta yi iyo ba, duk abubuwan da ake samu a Babbar Kasuwa ko a bakin titi. Mai kuma a auna da cokali, wanda ya sa galan ya riƙa kai mu nesa, maigidan ya fi kowa murna. Ki nemi a nuna maki jadawalin mako guda kafin ki biya. In ba ki ga abincin gidanku a ciki ba, ba za ki kai wata biyu ba.

Sai kuma kara. Mu da ake yi wa kirari da ɗakin kara, ita ce ke karya mana tsari fiye da yunwa. Ki je suna a ajiye maki waina da lemo, ki je gaishe da surukarki ta zubo dambu da man shanu ta zauna tana kallonki, "Ci mana, 'yar nan, ko girkin tsofaffi ne ba ki so?" Wace ce ke da za ki ce kina kan tsari? Guruf na kirki yana da amsar wannan. Mu an koya mana mu ci kaɗan a gida kafin mu fita, mu karɓi kwano mu ci rabi mu yaba, lemon mu sa a jaka mu kai wa yara. Ki tambaya me suke cewa game da biki, da salla, da azumi, inda mutum ke yini da yunwa ya sha ruwa da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai suga, ya fito watan ya fi da nauyi. Wanda bai tanadi komai kan waɗannan ba, daga wata ƙasa ya kwafo tsarinsa. Karar nan ce kuma ke sa ki biya rajista don kawai mai guruf ɗin ɗiyar ƙawar innarki ce. Ni yanzu nakan ce, "Allah ya sa albarka a sana'a, sai na tambayi likitata," a rabu lafiya.

Kuɗi ki lissafa na wata shida, ba na rajista kaɗai ba: kuɗin wata, data, Napep zuwa da dawowa, cefanen da zai ƙaru, sikeli in sai kin saya. Ki tambaya ko za ki iya biyan wata ɗaya ki gwada, da kuma yadda ake fita. In aka ce ki kawo mata uku a rage maki kuɗi, ko ki sari kaya ki zama wakiliya a unguwarku, to an tashi daga rage ƙiba an koma neman masu saye.

To wai ma suna aiki? Masu tsari na gaskiya suna yi, amma ba kamar yadda talla ke faɗa ba. A 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi da mutum 772 a Birtaniya da Jamus da Ostareliya. An tura rabi kamfanin rage ƙiba na Weight Watchers, rabi suka tsaya da shawarar asibiti da aka saba. Bayan shekara guda 'yan kamfanin sun rage kusan kilo 5, ɗaya ɓangaren kilo 2 da ɗan abu. Kilo biyar a shekara, ba goma a wata ba, kuma kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken. Shi wannan kamfani asalinsa wata matar gida ce a birnin New York, Jean Nidetch, da ta riƙa tara ƙawayenta a falonta a 1961 suna faɗa wa juna gaskiyar abin da suka ci, ya zama kamfani a 1963. Ba wani sirri ta gano ba. Abin da ake saye a irin wannan wuri shi ne ido: ranar da aka sa za ki hau sikeli a gaban mutane, da wadda za ta buga waya in ba ta gan ki ba. Ni na san kaina, ranar Alhamis da dare in na miƙa hannu wajen cincin nakan tuna Asabar in janye. Wannan kunyar na biya dubu shida, kuma ta ci kuɗinta.

In ke mai cika alkawarin da kika yi wa kanki ce, ko kina da maƙwabta biyu da za ku riƙa auna kanku tare kuna tattaki na rabin awa bayan asuba sau biyar a mako, ba ki buƙatar biyan kowa. Ko fita ba ta yiwu ba, zagayen tsakar gida da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga yana shiga lissafi. In kuwa kin sha farawa ranar Litinin ki watsar ranar Laraba, kuma kuɗin ba zai taɓa cefane ko kuɗin makarantar yara ba, ki shiga, amma ki shiga wanda ya amsa tambayoyin nan ba tare da ya ji haushi ba. Ki shawarci maigida tun farko, ba don izinin fita kawai ba, don shi ne mai shigowa da tsire da lemo ƙarfe goma na dare.

Kwanan nan an fara tallata allurar rage ƙiba a irin waɗannan guruf, su Ozempic. Maganin gaske ne, har ya girgiza kasuwar tsofaffin kamfanonin, Weight Watchers ɗin ma ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a watan Mayun 2025. Amma magani ne na likita, yana da illolinsa, ana samun na jabu, kuma yawanci in an daina nauyin yana dawowa. Ba abin da za a aiko maki a leda ta tashar mota ba ne.

Na yi wata takwas a guruf na biyu na fita, da na ga na haddace karatun. Shafina a littafi yanzu yana cewa inci 44, an soke, 41, an soke, 39. Sikeli ya tsaya a kilo 87 ya ƙi gaba, da salla yakan leƙa 89 ya dawo. Likita ta rage mani ƙwayar hawan jini daga biyu zuwa ɗaya, kuma ina iya sallar tarawihi a tsaye. Duk Asabar nakan biya kemis ɗin bakin layinmu in hau sikelinsu in rubuta a bangon littafin.

Jiya wata ta kawo mani leshi biyu da atamfa uku, wata ɗaya da fara shan shayi, ta ce in rage su duka da inci uku, in yanke rarar don kada ta yi mata tudu. Na ce to. Na rage mata yadda ta ce, rarar kuma na kalmashe ta ciki na bi da guga.